Abin da ke hana ƙaramar kwamfuta tashi daga filas, da yadda ake gano matsalar

A shagunan gyaran waya da kwamfuta na Kafanchan, da ɗakunan ɗalibai a Gidan Waya, har yanzu akan ci karo da ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake kira netbuk, masu allon da bai wuce inci 10 ba. Yawancinsu na hannu ne, sun tsufa, amma arharsu ta sa ɗalibai da malaman makaranta da masu shagon buga takardu ba su rabu da su ba.

Bukatar kwamfuta kuwa ƙaruwa take yi. Tun shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a 2024 Hukumar WAEC ta fara irin wannan tsari ga masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya, ko na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, yana bukatar abin da zai rubuta kundin kammala karatunsa a kai. Idan babbar manhajar kwamfutarsa ta lalace ana saura mako guda a miƙa aiki, wahalar watanni ce ke cikin haɗari.

Matsalar ita ce manhajar da waɗannan kwamfutoci suka zo da ita ta daɗe da fita daga kulawa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, sai Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana neman RAM gigabayit 4 da wasu sharuɗɗan da netbuk ba ta da su. Wannan ya sa masu gyara ke komawa ga Linux, manhajar kyauta da Linus Torvalds ya assasa a ƙasar Finland a 1991.

Ana iya ɗora Linux a kan filas ta yadda kwamfuta za ta tashi daga cikinta kai tsaye, ba tare da an taɓa abin da ke cikin hadis ba. Da wannan dabara ake gwada sabuwar manhaja kafin a girka ta, da ita kuma ake ceto fayiloli daga kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi buɗewa. Sai dai sau da yawa akan soka filas, a kunna netbuk, ta ƙi tashi. Dalilan ba su da yawa, kuma ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

A fara da lura da inda ta tsaya

Kafin a taɓa komai, a kunna kwamfutar a lura da abin da ya bayyana, domin inda ta tsaya shi ke nuna inda cutar take. Idan ta wuce zuwa Windows kamar ba a soka komai ba, to ba ta nemi filas ɗin ba ne, kuma gyaran yana cikin saitin BIOS. Idan ta tsaya a baƙin allo da ɗan layi mai ƙyaftawa, ko ta rubuta "Missing operating system" ko "Boot error", ta ga filas ɗin amma ba ta fahimci yadda aka rubuta shi ba. Idan kuwa jerin zaɓin Linux ya fito, sannan ta maƙale daga baya, matsalar tana tsakanin manhajar da kayan cikin kwamfutar. Yana da kyau a ɗauki hoton allon da waya, saboda saƙon yakan ɓace da sauri.

Filas ɗin da kansa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafi fayil ɗin ISO a jefa shi cikin filas kamar yadda ake jefa waƙa ko hoto. Kwamfuta ba ta tashi daga irin wannan. Dole a rubuta shi da manhaja ta musamman kamar Rufus ko balenaEtcher, wadda ke shimfiɗa sashen farko da kwamfuta ke karantawa lokacin da aka kunna ta. Manhajar Ventoy, wadda ta fito a 2020, ita ce ke ba da damar kwafar ISO kai tsaye, amma ita ma sai an fara girka ta a kan filas ɗin. Wanda zai yi aikin a kan Windows 7 ya nemi Rufus 3.22, don daga 4.0 zuwa sama ba ya aiki a kanta. A sani cewa rubutun yana goge duk abin da ke cikin filas.

Na biyu, fayil ɗin da aka sauke yana iya zama gurgu. Inda sabis ke yankewa ko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa, fayil yakan zauna da cikakken sunansa alhali bai kammala ba. Shi ya sa masu fitar da Linux ke wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA256 tare da kowane ISO. A Windows, umarnin certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256, yana fitar da lambar fayil ɗin da ke hannu. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta da wanda aka wallafa, sai an sake saukewa. Haka nan idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutawa, a sake daga farko.

Na uku, akwai filas na jabu a kasuwa, wanda ake rubuta masa gigabayit 32 alhali abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. Irin wannan yakan nuna an gama rubutu lafiya, amma bayanan sun watse. Manhajar H2testw tana tona asirinsa. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a gwada filas ɗin a wata kwamfutar. Idan ya tashi a can, a wanke shi daga zargi, a koma kan netbuk.

A kuma duba kafar USB. Ƙurar hunturu da tsatsar damina mai ƙarfi irin ta kudancin Kaduna suna kashe kafa ɗaya su bar sauran. A gwada kowace kafa, a cire linzami da duk wani abin da aka jona, kuma kada a bi ta na'urar raba kafa.

Saitin BIOS

BIOS ƙaramar manhaja ce da ke cikin allon uwa, ita ke fara farkawa ta zaɓi inda kwamfuta za ta tashi. Kowane kamfani da maɓallinsa na fito da jerin zaɓi. A Asus, Esc ne. A HP, F9. A Acer da Dell da Lenovo da Toshiba, F12. Shiga cikin saitin kansa yawanci da F2 ne, a HP kuma F10. Ana fara danna maɓallin a kai a kai tun daga lokacin da aka kunna, kafin tambarin kamfani ya ɓace, kuma filas ya kasance a soke tun kafin kunnawa.

Akwai tarkuna biyu da suka shahara. A Acer Aspire One, maɓallin F12 yakan zo a kashe, sai an shiga ta F2 an kunna shi. A Asus Eee PC kuma akwai wani saiti mai suna Boot Booster da ke tsallake binciken farko don saurin tashi, wanda ke sa kwamfutar ta wuce filas ba ta gan shi ba; sai an kashe shi. Bugu da ƙari, BIOS na tsofaffin netbuk da dama yana lissafa filas a cikin jerin hadis, ba a cikin jerin na'urorin da ake cirewa ba. A nan sai a shiga jerin hadis a ɗaga filas zuwa matsayi na farko, a adana, a fita.

Idan an gyara saiti amma da an kashe kwamfutar sai ya koma yadda yake, kuma agogonta ya koma wata tsohuwar shekara, ƙaramin batirin da ke riƙe saitin ne ya mutu. Sauya shi ba ya cin kuɗi da yawa, sai dai a wasu netbuk sai an kwance jikinta.

Bit 32 ko bit 64

Wannan shi ne dalilin da ya fi ɓoyuwa ga masu amfani. Zamanin netbuk ya fara ne da Asus Eee PC 701 a ƙarshen 2007, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2009 suna ɗauke da furosesa Intel Atom N270 ko N280, masu bit 32 kaɗai. Manhajar bit 64 ba za ta taɓa tashi a kansu ba, komai kyan filas. Alamar ita ce saƙon da ke cewa manhajar tana bukatar x86-64 amma i686 ta tarar. Atom N450 da ya shigo kasuwa a farkon 2010 shi yana ɗaukar bit 64.

Manyan nau'o'in Linux sun juya wa bit 32 baya. Ubuntu ta daina fitar da ISO na tebur mai bit 32 tun daga fitowar 17.10 a shekarar 2017. Debian 13, da ta fito a watan Agustan 2025, ita ma ta daina samar da manhajar girkawa ta bit 32. Mai netbuk irin ta farko sai ya nemi nau'o'in da aka gina don tsofaffin kwamfutoci, kamar antiX ko Puppy Linux, kuma ya tabbatar fayil ɗin da zai sauke yana ɗauke da alamar 386 ko i686 ko 32 a sunansa. Ana gane furosesa ta hanyar duba shafin farko na BIOS, ko neman lambar samfurin da ke ƙarƙashin kwamfutar.

A wasu tsofaffin kwamfutoci masu Celeron M akwai ƙarin sarƙaƙiya: furosesar ba ta nuna tana da wata siffa mai suna PAE, sai manhajar ta ƙi ci gaba. A wasu nau'o'in Linux, ƙara kalmar forcepae a layin tashi yana warware wannan.

Tsohon tsari da sabo

Kusan duk netbuk da aka ƙera kafin 2012 tana amfani da tsohon BIOS, wanda ya fi jituwa da filas mai tsarin MBR. Idan an shirya filas a sabuwar kwamfuta, Rufus yana iya zaɓar GPT da UEFI, tsarin da tsohuwar netbuk ba ta sani ba. Magani shi ne a sake rubutawa, a zaɓi MBR. Idan hakan bai yi ba, a sake gwadawa da zaɓin DD da Rufus ke bayarwa, wanda ke kwafar ISO yadda yake ba tare da sauyi ba.

Ƙananan kwamfutocin da suka zo da Windows 8 daga 2012 kuwa UEFI suke amfani da shi, tare da wani makulli mai suna Secure Boot, wanda ke ƙin duk manhajar da ba ta da sa hannun da ya sani. Ana kashe shi daga cikin saiti. Wasu na shekarar 2014, irin su Asus X205TA mai Atom Z3735F, suna da furosesa bit 64 amma UEFI ɗinsu bit 32 ne. Waɗannan ba sa ganin filas sai yana ɗauke da fayil mai suna bootia32.efi, wanda ba kowane nau'in Linux ke zuwa da shi ba.

Idan ta fara tashi sannan ta maƙale

Baƙin allo bayan an zaɓi tashi yawanci daga sashen hoto ne, musamman a netbuk masu GMA 500 ko GMA 3600. A jerin zaɓin farko, a danna Tab ko harafin e, a ƙara kalmar nomodeset a ƙarshen layin da ke tayar da manhajar, sannan a ci gaba. Saƙon da ke cewa ba a sami inda fayilolin manhaja suke ba kuma yana nuna filas ya yanke a hanya, sai a sauya kafa ko a sauya filas.

Sai batun RAM. Yawancin netbuk gigabayit 1 suke da shi, iyakarsu 2. Ubuntu ta yanzu tana bukatar fiye da haka sosai, don haka ko ta tashi, za ta daskare. Manhaja mara nauyi ce daidai da su. Idan ko ita tana faɗuwa a wurare daban-daban, a gwada RAM ɗin da Memtest86+, wadda ISO da dama ke ɗauke da ita. Jan layi a sakamakon gwajin yana nufin sai an sauya RAM. Inda duk kafofin USB suka mutu, wasu netbuk, ciki har da Eee PC, suna iya tashi daga katin SD da aka rubuta ta hanya ɗaya.

Bayan ta tashi

Da zarar allon Linux ya bayyana, aikin farko shi ne kwashe fayiloli masu muhimmanci zuwa wani filas na daban, kafin a kusanci maɓallin girkawa. Zaɓin da ke cewa a goge hadis a girka sabuwar manhaja yana share komai, daga kundin ɗalibi zuwa lissafin ɗan kasuwar citta na Kwoi ko Kachia, kuma dawo da su aiki ne mai wuya da tsada. A kuma gwada waya-fai da sauti da madannai tun ana kan filas, don a san abin da zai yi aiki bayan girkawa.

Idan hadis yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa shi, ko bai bayyana ba sam, a kashe kwamfutar nan take, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Wanda zai kai ta wurin mai gyara ya faɗa masa tun a bakin shago cewa fayilolinsa yake so a fara ceto, kada a yi fomat sai ya ga kwafinsu da idonsa.