Rashidi Yakini: Rayuwar Ɗan Tamaula A Fili Da Bayan Fili

Idan ruwa ya janye daga fadamun Haɗeja, ƙasa ta bushe, ba a rasa ganin yara sun kafa duwatsu biyu a matsayin raga suna ta fafatawa da ƙwallo har faɗuwar rana. Kusan kowane ɗayansu yana da sunan wani shahararren ɗan wasa da ya laƙaba wa kansa, kuma burinsa bai wuce wata rana a ɗauke shi zuwa Turai ba. Abin da ba kasafai yaran nan ko iyayensu suke tunawa ba shi ne gajartar wannan sana'a. Masunci yana jefa taru har ya yi furfura, sa'an nan ya miƙa wa ɗansa. Ɗan dambe ma, in kaka ta wuce, sai ya koma kan fawarsa. Shi kuwa wanda ya mai da tamaula hanyar cin abincinsa, ƙafarsa takan gaza tun bai kai shekara arba'in ba, alhali sauran kwanakinsa na nan a gabansa. Tarihin Rashidi Yakini ya isa misali a kan wannan al'amari.

An haifi Yakini a Kaduna ran 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarbawa ne, asalinsu garin Ira ta Jihar Kwara, amma a Kaduna ya tashi, a nan kuma ya fara wasa. Kadunar wancan zamani gari ne na masaƙu. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, mutane suka yi ta kwarara daga kowace kusurwa ta ƙasar nan don neman aiki, kamfanoni kuma suka kakkafa ƙungiyoyin wasa da sunayensu. Ƙungiyar masaƙar UNTL ita ce ta fara ɗaukar Yakini, wajen 1981. Yana da kyau mai karatu ya lura da yadda tsarin yake a lokacin, domin sai a 1990 aka kafa gasar ƙwararru a Nijeriya. Kafin nan, galibin 'yan wasa ma'aikata ne na kamfani ko na ma'aikatar gwamnati, ana rubuta sunansu a takardar albashi kamar kowa. Kuɗin ba su da yawa, amma in ƙafa ta gaji mutum yana da inda zai koma, yana da abokan aiki, yana da unguwar da ta san shi tun bai zama kowa ba.

Yakini bai daɗe a wannan inuwa ba. A 1982 ya koma ƙungiyar Shooting Stars ta Badun, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke ta. Daga nan ya yi shekara uku a Abiola Babes ta Abekuta, sa'an nan a 1987 ya ƙetare zuwa Africa Sports ta birnin Abijan, inda aka yi masa laƙabi da Bijimin Kaduna saboda ƙarfinsa da yadda yake kutsawa tsakanin masu tsaron baya. Shi dai ba gwanin yanka da kwalliya ba ne. Gudu gare shi, da faɗin ƙirji, da ƙafar dama mai nauyi, da sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun ba ta taso ba.

Ganiyarsa ta zo ne a ƙasar Fotugal. A 1990 ya shiga ƙungiyar Vitoria ta Setubal, wani garin masunta da ke kudu da Lisbon. A kakar 1992 zuwa 1993, ƙungiyar tana rukuni na biyu, ya ci ƙwallo 34, ta samu hawa rukuni na farko. Kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a duk ƙasar, ya sha gaban 'yan wasan manyan ƙungiyoyi irin su Benfica da Porto. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne kuwa ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan lamba.

A ɓangaren ƙungiyar ƙasa, ya sha ɗacin zuwa bakin kofi a dawo hannu rabbana. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 da 1988, Kamaru ta hana ta duka biyun, a 1990 kuma Aljeriya ta hana ta. Sai a 1994, a Tunisiya, ƙarƙashin mai horarwa Clemens Westerhof, aka ci kofin bayan doke Zambiya da ci 2 da 1. Yakini ya ci ƙwallo 5 a gasar, ya fi kowa, kamar yadda ya yi a Senegal a 1992 da ƙwallo 4. Bayan wata biyu aka tafi Amurka gasar kofin duniya, zuwan Nijeriya na farko ke nan. Ran 21 ga Yuni, a birnin Dallas, Finidi George ya miƙo ƙwallo daga dama, Yakini ya tura ta ragar Bulgeriya. Bai tsaya ba sai da ya bi ta cikin ragar, ya cusa hannuwansa ta ramukanta, ya riƙe yana jijjigawa yana kururuwa. Wannan hoto ya zagaya duniya, kuma da shi mafi yawan mutane suke tuna shi. An ci Bulgeriya 3 da nema, an ci Girka 2 da nema, Ajantina ta yi galaba, daga bisani Italiya ta fitar da Nijeriya a zagaye na biyu. Yakini bai sake cin ƙwallo a gasar ba, jaridu kuma suka yi ta maganar cewa akwai tsamin dangantaka tsakaninsa da wasu abokan wasansa.

Abin mamaki, ƙasar Girka da aka doke a Amurka ita ce ta zama mafarin gangarowarsa. Da aka watse daga gasar, ƙungiyar Olympiacos ta garin Piraeus, tashar jiragen ruwan birnin Atina, ta saye shi. Ita wannan ƙungiya tana cikin mafi yawan magoya baya a Girka, kuma rabonta da cin gasar ƙasar tun 1987, ba ta sake ci ba sai 1997. Saboda haka duk baƙon da aka kawo da kuɗi masu yawa, so ake ya yi abin al'ajabi tun ranar farko. Yakini ya isa yana dab da cika shekara 31, ga gajiyar kaka guda a Fotugal da manyan gasa biyu a wuyansa, ga harshen da bai sani ba, ga shi kuma mutum ne mai kawaici, ba mai saurin sabo ba. A Setubal, ƙaramin gari, an gina wasan ƙungiya a kansa, kowa shi yake nema da ƙwallo. A Piraeus kuwa ɗaya ne cikin taurari. Jininsa bai haɗu da na abokan wasansa ba, wasannin da ya buga ba su taka kara sun karya ba, kafin shekara ta zagayo ya bar ƙasar.

Abin da ya biyo baya yawo ne. Ya je Sporting Gijon ta Sifen a 1995, ya koma Setubal, ya wuce Zurich ta Suwizalan, ya je Bizerte ta Tunisiya, da Al-Shabab ta Saudiyya, ya sake komawa Abijan. A tsakanin nan aka tafi da shi kofin duniya na 1998 a Faransa, amma galibi daga benci ake sako shi. Ya bar wa ƙasarsa ƙwallo 37, adadin da har ya rasu babu ɗan Nijeriyar da ya kai shi. A 2002 ya dawo gida ya yi wa Julius Berger ta Ikko wasa, a 2005 kuma, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abekuta. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin son wasa kawai. Ana iya kallonsa ta wata fuskar: mutum ne da tun yana ɗan shekara 18 bai san wata rayuwa ba sai ta atisaye da sansani da ranar wasa, yana jan ƙafa kafin ya shiga wadda bai sani ba.

Nan ne bambancin tsarin da da na yanzu yake fitowa fili. Kwangilar ƙwararren ɗan wasa ta shekara biyu ce ko uku, ranar da ta ƙare kuwa babu sauran haƙƙi tsakaninsa da ƙungiya. Wanda ya yi wasa a ƙasashe bakwai ban da tasa ya tara kuɗi fiye da ma'aikacin masaƙa nesa ba kusa ba, amma bai zauna wuri ɗaya ya yi saiwa ba. In ya dawo, tsararrakinsa sun yi nisa a harkokinsu, masu zuwa wurinsa kuma da yawansu buƙata ce take kawo su. Ko da ma Yakini ya so komawa inda ya fito, masaƙun Kakuri sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ita kanta UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Waɗansu abokan wasansa, irin su Stephen Keshi da Samson Siasia da Daniel Amokachi, sun sami mafita ta hanyar horar da 'yan wasa. Shi bai bi wannan hanya ba, bai kuma shiga harkokin hukumar wasanni ba.

A Badun ya zauna, a gidansa, ya janye jiki daga jama'a. Ba ya son hira da 'yan jarida, ba ya halartar bukukuwan da ake gayyatar tsofaffin 'yan wasa, sai dai a gan shi ya fita motsa jiki ya koma. A shekarunsa na ƙarshe jaridu suka fara ruwaito cewa yana fama da ciwon damuwa da rashin lafiyar ƙwaƙwalwa. Irin wannan ciwo kuwa a ƙasar nan ɓoye shi ake yi, a Kudu da Arewa baki ɗaya. Da ƙafa ce ta karye da an ga masu dubiya, an kuma san likitan da za a nufa, amma ciwon da ya shafi hankali sai a yi ta raɗa a bayan ido, a danganta shi da sammu ko iska, har lokacin magani ya ƙure. Shekara 18 kacal ke tsakanin ranar da ya riƙe raga a Dallas da ranar da labarinsa ya ƙare.

Ya rasu a Badun ran 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Aka ɗauki gawarsa zuwa Ira, garin iyayensa, aka yi masa sutura bisa tsarin addinin Musulunci.