Kauɗar Tumatir: Mudu Nawa Ne Kilo Ɗaya?

Manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan sun shahara da noman tumatir na rani. Daga watan Janairu zuwa Maris tumatir kan cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi. Lokacin ne ake yanka shi, a shanya, ya zama kauɗa. In damina ta kama, ɗanye ya yi tsada, sai a koma ga kauɗa. A shekarar 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Jihar Kaduna. Gidan da ya ajiye kauɗa a shekarar bai rasa jar miya ba.

A kasuwar ƙauye da mudu ake auna kauɗa. Manyan 'yan kasuwa da masu dafa abincin makarantu kuwa sukan yi lissafi da kilo, wanda shi ne awon hukuma a Nijeriya tun shekarun 1970. Wanda bai san mudu nawa ne kilo ba, yana iya yin asara bai sani ba.

Me ya sa mudu ba ya faɗin nauyi?

Mudu cika yake nunawa, ba nauyi ba. Kauɗa mai manyan yanka tana barin sarari a cikin mudu, sai ta yi rashin nauyi. Mai ƙananan yanka takan zauna sosai, ta fi nauyi. Garin kauɗa ya fi su duka nauyi. Kuma mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Wani mai awo yakan yi tozo, wani ya shafe baki. Saboda haka kowa ya auna nasa mudun.

Yadda ake awon

A nemi ƙaramin sikeli a kanti ko wajen malamin gona. Kilo 1 giram 1,000 ne.

1. A ɗora mudu babu komai a ciki, a rubuta nauyinsa.
2. A cika shi da kauɗa kamar yadda aka saba, a sake aunawa.
3. A debe nauyin mudu daga na biyun. Abin da ya rage shi ne nauyin kauɗa.
4. A yi haka sau 3. A haɗa, a raba gida 3.

Ga misali. Mudu shi kaɗai giram 200, cike kuma giram 550. Kauɗa ta zama giram 350 ke nan. In awo uku sun ba da 340 da 350 da 360, jimla 1,050. A raba gida 3, a sami 350. Wato mudu 3 na wannan kauɗa sun ɗara kilo 1 da kaɗan.

Amfanin awon wajen girki

Yawancin tumatir ruwa ne. A cikin kilo 100 na ɗanye, wajen kilo 94 ruwa ne. In ya bushe sarai, abin da zai rage wajen kilo 7 ne. Ashe ana bukatar kamar kilo 14 na ɗanye kafin a sami kilo 1 na kauɗa. Giram 70 na kauɗa suna tsayawa a madadin kilo 1 na ɗanye.

Mudun nan na misali mai giram 350 daidai yake da ɗanye kilo 5. Uwargidan da ta saba yin miya da ɗanye kilo 1, sai ta kasa mudun kashi 5, ta ɗauki kashi ɗaya. Ta wanke yashi, ta jiƙa da ruwan zafi, sannan a markaɗa. Manomi shi ma ya duba kuɗin ɗanye kilo 14 kafin ya yanka wa kilon kauɗarsa kuɗi.

A yi hattara

Kauɗa mai danshi ta fi nauyi a sikeli. Wanda ya saye ta, ruwa ya saya, kuma ba za ta daɗe ba za ta yi fumfuna. A taɓa a ji ta bushe, ba ta danƙo a hannu. A ajiye ta inda laima ba ta kaiwa.

Wannan hanya tana aiki ga busasshiyar kuɓewa da barkono da tattasai, amma kowanne a auna shi daban. 'Yan ajin yaƙi da jahilci suna iya kai mudu aji, su yi lissafin tare da malaminsu, kowa ya rubuta nasa a littafi.