Daga Samaru Zuwa Gonar Manomi: Ina Binciken Jami'o'inmu Yake Kwana?

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN YA YI ƘASA)

Yau jami'a za mu leƙa, mu duba koyarwa da bincike. Sai dai ta ƙofar gona za mu shiga, don haka kowa ya naɗe ƙafar wandonsa.

(KIƊA)

Idan ka fito daga Zariya ka kama hanyar Funtuwa, kafin ka isa Shika sai ka ratsa Samaru. Da damina, in ka waiga gefen titi, za ka ga wasu gonaki da ba su yi kama da na kowa ba. An yanka su ƙanana-ƙanana, kowane yanki da turkensa, kowane turke da lambarsa. Can wajen kaka, sai ka hangi zangarniyar dawa an rufe mata kai da jakar takarda, kamar amarya cikin lulluɓi. Ana yin haka ne don kada iska ta kawo mata garin furen wata dawar, irin ya gauraya. Mutumin da ke tsaye a tsakiyar kunya da littafi a hannu, yana ƙirga ganye yana auna kara, wataƙila farfesa ne. Yaran da ke biye da shi ɗalibansa ne.

Nan ce Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka fi sani da IAR. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta a 1922, kuma abin da ya fi damunsu a lokacin shi ne auduga da gyaɗar da za a loda a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka haɗe cibiyar da jami'a. A ganina wannan na cikin shawarwari mafi hikima da aka taɓa yankewa a harkar ilimi a Arewa. Malamin da ya yini a gonar gwaji shi ne zai shiga aji gobe da safe, abin da idonsa ya gani shi zai koyar.

Manomi da yawa yana shuka aikin Samaru bai sani ba. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, daga can ya fito: SAMMAZ masara ce, SAMSORG dawa, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga, SAMPEA kuma wake. Dattawanmu ba su manta da 1975 ba, shekarar da cutar nan mai nannaɗe ganyen gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta cinye gonaki a faɗin Arewa. Tana cikin abubuwan da suka kai dalar gyaɗar Kano ƙasa. Masana a Samaru, tare da takwarorinsu na cibiyar ICRISAT, sun shafe shekaru suna aure tsakanin iri da iri, har suka fitar da gyaɗar da ke jure wa cutar.

Sai kuma labarin wake, wanda ya fi kusa da mu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma duk da haka ba ya isarmu, sai mun ƙara da na Nijar. Babbar abokiyar gabar wake wata tsutsa ce da masana ke kira Maruka, mai shiga fure da kwanso ta cinye 'ya'yan tun suna ɗanye. Manomi kan yi feshi sau shida zuwa takwas kafin ya girbe, kuɗi su tafi, guba ta shiga jiki. Wajen shekara goma ayarin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta suka yi suna gwaji, da haɗin gwiwar masana daga Ostareliya da gidauniyar AATF. A Disamban 2019 aka amince da sabon iri mai suna SAMPEA 20-T, wanda feshi biyu kan wadatar da shi.

Na san akwai masu ɗari-ɗari da wannan iri, domin an sauya masa ƙwayar halitta a ɗakin gwaje-gwaje. Haƙƙinsu ne su yi tambaya, tunda cikinsu zai shiga. Abin da nake so shi ne a yi muhawarar da hujja, da Hausa, masananmu su zauna gaban jama'a su amsa, a daina barin jita-jitar WhatsApp tana yanke hukunci.

Amma mai sauraro, ka riƙe wannan adadin: shekara goma, a kan irin wake guda ɗaya. Bincike aikin haƙuri ne, ba ya son yankewa. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na kusan wata tara. A 2022 kuma suka sake tafiya tun daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mu a waje abin da muke gani shi ne 'ya'yanmu suna zaune a gida. Akwai wata asarar da ba a cika faɗa ba. Ɗalibin digirin digirgir da ya tsara gwajin damina uku a jere, in ɗaya ta kuɓuce masa, sau da yawa sai ya koma farko. Damina ba ta jiran a janye yajin aiki.

(KIƊA)

To, wa ke biyan kuɗin bincike? Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati, ko kwalejin ilimi, ko ta kimiyya da fasaha, zai ga gine-gine ɗauke da tambarin TETFund. Wannan asusu ba daga sama ya faɗo ba. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ƙulla da gwamnati a 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta. A 1993 aka yi dokar da ta ɗora wa kamfanoni harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake fasalin asusun ya koma na manyan makarantu kaɗai, a 2023 kuma harajin ya hau zuwa kashi 3. Da kuɗin ake gina ɗakunan lakca, ake tura malamai ƙaro karatu, akwai kuma wani kaso na musamman, Asusun Bincike na Ƙasa, wanda malami zai rubuta abin da yake son bincikawa, ya yi takara da sauran malamai, in ya ci a ba shi.

Alheri ne babba, kuma duk wanda ya san yadda jami'o'inmu suka lalace kafin zuwansa ba zai raina shi ba. Sai dai gini ya fi daɗin nunawa. Ana yanka masa ƙyalle, a ɗauki hoto, a sa a labarai. Na taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, ba zan kama suna ba. Ginin sabo fil, fenti na ƙyalli. A kusurwa ga wata na'ura mai tsadar gaske an lulluɓe ta da leda, ƙura ta yi mata rawani. Na tambayi mai kula da ɗakin, ya ce tun da aka kawo ta ba ta taɓa aiki ba. Wutar da za ta ɗauke ta babu, wanda aka horar a kanta babu, sinadaran da take buƙata ba a saya ba. Ɗalibai kuwa a allo ake zana musu ita, su haddace, su rubuta a jarrabawa. Wallahi na fita daga ɗakin nan zuciyata a ɓace. Kuɗin talakawa ne a ƙarƙashin ledar nan, kuma yaran da ake zana wa hoton su ne gobe za mu miƙa wa jininmu su auna.

Daga nan sai maganar kundin kammala karatu. Kowace shekara dubban ɗalibai na rubuta shi, a yi masa bango mai kauri, a rubuta suna da ruwan zinare. Wani ya yi wata shida yana zirga-zirga a ƙauye, yana auna ruwan rijiya, ko yana tambayar mata dalilin da ya hana su zuwa awon ciki. Mutanen ƙauyen sun ba shi tabarma, sun ba shi fura, sun ba shi lokacinsu. Ya gama, ya ci jarrabawa, kundin ya hau kanta. Su kuwa waɗanda aka auna wa rijiya har yau ba wanda ya koma ya ce musu ruwan nan lafiya lau yake, ko kuwa ku daina sha.

Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo. A bakin ƙofar makarantu da dama akwai shagunan buga takardu inda ake sayar da tsohon kundi, a canza suna, a canza gari. Ɗalibin da ya saya ya cuci kansa. Amma ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Malami ɗaya da ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ga kundaye jibge a teburinsa suna jiran dubawa, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, yaushe zai zauna ya bi kowane shafi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

(KIƊA)

Bari mu juya ga abin da ke hannunmu, domin akwai ƙofofi a buɗe waɗanda ɗalibai da yawa ba su sani ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbu a intanet mai suna Kubanni, sunan kogin nan da ya ratsa harabarta, inda ake ɗora kundayen digiri na biyu da na uku. Daga Gusau ko Maraɗi, da wayar hannunka, kana iya karanta abin da a da sai ka yi tattaki zuwa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim. Akwai AJOL, dandalin da ya tattara ɗaruruwan mujallun ilimi na Afirka tun 1998, har da na jami'o'inmu, kuma da yawa daga cikin maƙalun kyauta ne. Akwai DOAJ, wanda ke jera mujallun da aka tantace kuma ba a biyan kuɗin karanta su. Google Scholar kuwa zai nuna maka wa ya riga ka taɓa batun da kake son bincikawa. Ɗalibi, kafin ka zaɓi take, fara da nan. Kuma ka gaisa da ma'aikacin laburare, ka tambaye shi. Sau da yawa makarantarku ta biya kuɗin shiga manyan rumbuna, lambar sirrin tana hannunsa, ba mai zuwa karɓa.

Ƙananan malamai kuma, ku yi hattara da mujallun bogi, masu cewa turo kuɗi a buga maka cikin mako guda. Mujallar ƙwarai sai ta aika wa masana aikinka sun tankaɗe sun rairaye, wani lokaci a dawo maka da shi sau biyu ko uku. Wahalar nan ita ke ba aikin daraja.

Saura babbar tambaya: yaya bincike zai isa ga mai shi? Ku tuna da buhun nan mai riɓi uku na ajiyar wake, buhun PICS. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka samar da dabarar tare da masu bincike na arewacin Kamaru. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba. Da aka tashi yaɗa shi daga 2007, ƙauye-ƙauye aka bi. A tara jama'a a dandali, a zuba waken mutanen garin a ɗaure a gaban kowa. Bayan watanni a dawo a kwance, mata su sa hannu su damƙo, su ga wake garau babu huda. Gani ya kori ji. Shi ya sa yau ake samun buhun a kasuwanninmu.

Mu ma muna da masu irin wannan aiki. A Samaru akwai NAERLS, cibiyar da aikinta shi ne ɗauko sakamakon bincike ta miƙa wa malaman gona da manoma. A Kano, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, shaidar cewa harshen nan yana iya ɗaukar ilimi mai zurfi. To me zai hana a faɗaɗa? Binciken lafiya, na ruwa, na tarbiyyar yara, na rikicin manoma da makiyaya, duk a kanmu ake yin su, amma da Turanci suke kwana.

Don haka ga roƙona ga shugabannin jami'o'i da na sassa: ku sa ya zama sharaɗi, duk ɗalibin da ya yi bincike a cikin al'umma ya rubuta shafi ɗaya da harshen mutanen, ya bayyana abin da ya gano, ya koma ya karanta musu a ƙofar mai gari. Kai kuma ɗalibi ko malami da ke saurarenmu yanzu, in kana da kundi a kan kanta wanda ka san zai amfani jama'a, kakkaɓe masa ƙura, ka taƙaita shi da Hausa, ka aiko mana. Za mu karanta shi a wannan fili, da sunanka da na makarantarku.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Wassalamu alaikum.

(KIƊAN RUFE SHIRI)