Gashin Kare a Kujerar Mota: A Cire Shi a Bushe Kafin a Taɓa Ruwa

A wuraren wankin mota na Jimeta, daga Limawa zuwa Doubeli har bakin tashar Jambutu, tsarin aikin kusan ɗaya ne. A fitar da shimfiɗun ƙafa, a kaɗa omo a bokiti har ya yi kumfa, a dirje kujeru da buroshi, a buɗe ƙofofi rana ta busar. Wannan tsari yana maganin ƙura da laka da dattin gumi, amma akwai datti guda da yake gagarar sa, wato gashin dabba da ya nutse cikin yadin kujera da kafet, musamman na kare. Mai mota zai biya kuɗinsa ya karɓi mota tana ƙamshin sabulu, da ta bushe sai gashin ya sake leƙowa, ya bi rigar duk wanda ya zauna. Kuskuren yana cikin jerin aikin ne. Gashi a bushe ake cire shi, da roba da haƙuri, ruwa kuwa shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan ake bukata.

Wani zai ce wannan damuwar Turawa ce, domin Bahaushe ko Bafulatanin Adamawa ba ya ɗora kare a kujerar mota. Gaskiya ne ba al'adarmu ba ce, amma motocin da muke hawa ba a nan suka fara rayuwa ba. Mafi yawansu na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, daga Amurka da Turai, inda miliyoyin gidaje ke kiwon kare kuma suke yawo da shi a kujerar baya. Wanda ya sayi Sienna ko Corolla, in ya ɗaga kafet ɗin but ko ya zura hannu a tsakanin kujera da majingina, ba abin mamaki ba ne ya fito da dunƙulen gashin karen da bai taɓa gani ba. A cikin gari ma akwai masu karnukan gadi da ke kai su wurin likitan dabbobi, ga mafarauta da ke lodin karnukansu a mota lokacin rani. Sannan ga abin da ya shafi kowa: ragon layya ko akuyar suna da aka sayo a kasuwar Ngurore ko ta Mubi aka cusa a but. Gashin akuya da na rago duk hanya ɗaya suke bi, maganinsu kuma ɗaya ne da na kare.

Sai an san dalilin maƙalewar gashin kafin a gane maganinsa. Silin gashi ba sumul yake ba kamar yadda ido ke gani. A ƙarƙashin madubin likita, jikinsa lulluɓe yake da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna, duk sun fuskanci gefe guda, don haka shiga cikin saƙa tana yi masa sauƙi, fita kuma tana wuya. Yadin kujera da kafet ɗin mota kuwa galibi na zaren roba ne mai cike da ƙananan zarge. Karnukanmu na gida gajeren gashi gare su mai tauri da tsini, shi ya sa yake huda yadin ya tsaya a ciki, kuma duk zaman da aka yi a kansa ƙara tura shi ake yi. Abin ya yi kama da ƙarangiya a bakin wando, kuma wannan kamannin har sana'a ya haifar: a 1941 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa suka maƙale a gashin karensa, daga nan ya ƙirƙiro maɗaurin Velcro da muke gani a takalman yara. Yanayin Yola yana ƙara wa abin ƙarfi. Da hunturu, iska ta bushe, zaren roba yana tara irin wutar nan da ke fizgar yatsa in an taɓa ƙofar mota, ita ce ke janyo gashi ta manne shi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maiƙon da ke jikin gashin yana narkewa a cikin rufaffiyar mota, ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, daga nan wari ke tashi.

To, me ruwa yake yi wa irin wannan gashi? Jiƙaƙƙen gashi kwanciya yake yi, ya lafe a jikin yadi, buroshi mai tauri kuma ya ƙara danna shi cikin saƙar. Ruwan ba ya tsayawa a sama, yana ratsawa cikin soson kujera, wanda yake daɗewa bai bushe ba ko da saman ya yi ƙayau. Da damina wannan danshin ne ke kawo fumfuna da warin da turare ba ya kashewa. A ƙarƙashin kujerun motocin zamani kuma akwai wayoyi da mahaɗansu, har da na jakar iskar da ke kare mutum a lokacin hatsari, kuma ruwa yana sa su tsatsa. Mai mota ya je neman tsafta, ya ƙare a garejin mai gyaran waya.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. A fara da kakkaɓe abin da ke sama, a fitar da shimfiɗun ƙafa a buga su a waje. Sai a sa safar hannu ta roba, irin ta wanke-wanke, a ɗan yayyafa mata ruwa don kashe wutar da ke riƙe gashin, a riƙa shafar kujera da ɗan ƙarfi, gajeren ja, kullum zuwa gefe guda. Bayan ja biyar ko shida za a ga gashin yana fitowa yana murɗewa, ya taru a gefen tafin hannu, a tsince shi a jefa a leda, sannan a sauya gefen ja don kamo wanda ya kwanta ta wata fuskar. Tsohon silifas mai tsafta ko robar goge gilashi suna yin wannan aiki. A kafet ɗin ƙasa da na but, inda saƙar ta fi kauri, dutsen goge kaushi yana tono gashin da ya gagari roba, amma kada ya kusanci kujerar fata ko robar jikin ƙofa, domin zai karce su. Lunguna da bakin ɗinki sai tsohon buroshin haƙori, ragowar kuma a ɗauke da salatef mai faɗi da aka naɗe a hannu. Bayan duk wannan ne injin zuƙe ƙura zai yi amfani, sannan a kawo tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, a bar ƙofofi a buɗe har cikin soson ya bushe.

Mai wanki zai ce ba shi da inji, wutar lantarki ma ba tabbas, kuma a lokacin da zai ɓata a kan kujera ɗaya zai iya wanke motoci biyu. Maganar inji mai sauƙi ce, domin ko inda yake, shi kaɗai ba ya fizgo gashin da ya nutse, robar ce ke yin babban aikin. Maganar lokaci kuwa gaskiya ce, kuma nauyinta a kan mai mota yake. Cire gashi aiki ne dabam da wankin yau da kullum, ya kamata a yi cinikinsa dabam. Wanda ya biya kuɗin wankin jiki ya ce a fitar masa da gashin shekara biyu, shi ya tura mai wankin ga bokiti.

Akwai kuma mai cewa kare najasa ne, najasa kuwa ruwa ke kawar da ita. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bi, dabba mai rai tana da tsarki, har da kare, yayin da Shafi'iyya ke ɗaukar sa najasa. Wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi nasa. Amma ko wanda ya ga wanki ya wajaba a kansa, hankali zai ba shi cewa a fara kawar da gashin tukuna, sannan ruwa ya sami wurin da zai tsarkake.

Dalilin da ya sa abin ya wuce kwalliya shi ne lafiya. Gashin yana ɗauke da busasshen yawu da ɓarɓashin fatar dabba, su ne ke tayar da atishawa da ƙaiƙayin ido, su shaƙe mai asma. Ƙwayayen ƙuma suna zubowa daga jikin kare su ɓuya a kafet, kaskar kare tana iya zama a lungun kujera, ƙwayar cutar makero kuma tana yin watanni a jikin gashin da ya zube, ga yara su ne masu birgima a kujerar baya. Haukan kare dai ba ta gashi ake ɗaukarsa ba, ta cizo da yawu ne, don haka babu dalilin firgita. Sai dai a tuna da matatar iskar na'urar sanyaya mota, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin gaban fasinja. In ta cika da gashi, duk wankin da aka yi wa kujeru iska za ta dawo da warin, sai an kakkaɓe ta ko an sauya.

Mafi sauƙin duka shi ne kada gashin ya taɓa yadin tun farko. Mai ɗaukar kare ya taje shi a gida kafin tafiya, ya sa shi a keji ko ya shimfiɗa tamfol. Mai ɗauko rago ya rufe but da buhu da leda mai kauri, ya kakkaɓe a ranar, kafin zafi ya manne gashin. Masu wankin mota na Limawa da kewaye su tanadi safar roba da dutsen kaushi kusa da bokiti, masu mota kuma su biya wannan aiki haƙƙinsa.