Ƙwayar man kifi: shin da gaske tana kare zuciya?

A kemis-kemis na Kafanchan, Kagoro da Zonkwa, yanzu da wuya ka rasa robar ƙwayoyin man kifi, masu ruwan zinaren nan da ake kira Omega-3. 'Yan uwanmu na Sabo a Ibadan da Agege a Legas ma kan aiko wa iyaye da su a matsayin tsaraba. Tambayar da na fi ji ita ce: wai suna maganin ciwon zuciya?

Zancen ya samo asali ne a shekarun 1970, lokacin da wasu masana biyu 'yan ƙasar Denmak, Bang da Dyerberg, suka yi nazarin abincin mutanen Girinland, masu yawan cin kifi da naman dabbobin teku. Sinadaran da ke cikin kitsen kifi, EPA da DHA, suna rage wani nau'in kitse da ke yawo a jini, suna kuma ɗan sassauta hawan jini.

To amma cin kifi daban, haɗiyar ƙwaya daban. A 2018 an fitar da sakamakon binciken VITAL a Amurka, inda aka bi mutum sama da 25,000 kusan shekara biyar. Masu shan giram ɗaya kullum ba su samu wata kariya ta a-zo-a-gani ba, idan aka haɗa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa. A shekarar dai, binciken REDUCE-IT ya ga raguwar kashi 25 cikin 100. Sai dai can tataccen EPA ne, giram 4 a rana, ga masu kitse da yawa a jini waɗanda tuni suke kan magani. Wannan kuwa likita ke rubuta shi.

Akwai kuma abin lura. Yawan shan man kifi na iya rikita bugawar zuciya, kuma mai shan maganin tsinka jini sai ya tambayi likita tukuna. Man hantar kifi shi ma daban ne: yana ɗauke da bitamin A, wanda yawansa ke cutar da ɗan tayi, don haka mai juna biyu ta kiyaye. In za ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ni a ganina, mai lafiya ya kai kuɗinsa wajen mai kifin ƙanƙara. Titus, shawa da sadin duk suna da wannan kitsen fiye da tarwada da karfasa. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ta ce a ci sau biyu a mako, kuma gasawa ko dafawa a miya ya fi soyawa.

Wanda ke da hawan jini ko ciwon suga kuwa, don Allah kada ya ajiye maganinsa saboda tsarabar Legas. Ya rage gishiri da magi, ya riƙa zuwa awo a asibitin da ya fi kusa da shi, ya tafi da robar a aljihu likita ya gani.