Dutse Mai Aman Wuta

A ƙasar Meziko, can hayin teku, an yi wani manomi ana ce da shi Pulido. Ran 20 ga watan Fabrairu, 1943, yana aiki a gonarsa ta masara, sai ya ji ƙasa tana ruri kamar tsawa, alhali kuwa babu hadari. Ya duba, ya ga ƙasa ta tsage. Hayaƙi yana fita, da toka, da warin farar wuta. Ya gudu gari ya gaya wa mutane.

Kafin mako guda, toka da duwatsun da ke fitowa sun taru sun yi tsauni, tsawonsa ya wuce ƙafa 300. Sa'an nan narkakken dutse ya malalo, ya binne garuruwa biyu. A ɗayansu hasumiyar coci ce ta rage a waje. Dutsen bai daina amai ba sai a 1952, bayan ya kai kusan ƙafa 1,400. Sunansa Parikutin.

To, yaya dutse zai tsiro a gonar mutum kamar shuka? Ga yadda abin yake.

Ƙasar nan da muke takawa ɓawo ce, kaurinta mil 20 ko fiye. Ƙarƙashinta akwai zafi mai tsanani. Ɓawon kuwa ba guda ɗaya ba ne. Yana kama da fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, ɓari-ɓari. Ɓarorin nan suna motsi a hankali, kamar yadda farce yake tsiro. Waɗansu suna rabuwa, waɗansu suna shiga ƙarƙashin waɗansu. Yawancin duwatsu masu aman wuta a bakin waɗannan ɓarori suke.

A irin wuraren nan dutsen da ke can ƙasa yakan narke. Kun ga maƙeri yana zuga har ƙarfe ya yi ja. Haka narkakken dutse yake, ja wur. A ma'aunin zafi, ruwa yana tafasa a awo 100. Narkakken dutse kuwa yakan kai awo 1,000, har ya wuce. Da yake bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa tasowa, kamar mai a kan miya. Yakan taru wuri guda, mil kaɗan ƙarƙashin ƙasa, ya zauna shekaru da yawa.

Me ke fitar da shi waje? Iska ce. A cikin narkakken dutse akwai tururi da iska iri iri a matse. Ku tuna da kwalbar lemo. In tana rufe, shiru take. In an girgiza ta an buɗe, sai kumfa ta yi tsiri. Haka nan in narkakken dutse ya matso sama, iskar cikinsa takan kumbura, ta tsaga ƙasa, ta yi waje da shi.

Amai iri biyu ne, mata kuwa za su riga maza ganewa. Koko mai ruwa-ruwa in ya tafasa, sai ya yi bori ya zubo ta gefen tukunya. Talge mai kauri kuwa yakan riƙe tururi, sa'an nan ya fashe, ya fantsamo ya ƙone hannu. Narkakken dutse mai ruwa-ruwa malalowa yake kamar kogi, galibi mutum yana iya kauce masa. Mai kaurin shi ne mugun. Fashewa yake yi gaba ɗaya, ya watsa toka mil da yawa sama, rana tsaka ta koma dare.

Kada ku ce abin na nesa ne kaɗai. A ƙasar Kamaru, kusa da teku, akwai Dutsen Kamaru, tsawonsa ya fi ƙafa 13,000. Ya yi amai a 1922, da 1959, da 1982, da 1999, da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar mota ta bakin teku. Duk da haka mutane suna zaune a gindinsa, garin Buea ma a nan yake. Dalili kuwa, tokar dutsen in ta daɗe takan zama ƙasa mai albarka. Ayaba da kwakwar manja suna yi ƙwarai a wurin.

A Nijeriya ma akwai irinsu, amma sun daɗe da yin shiru. Wanda ya je Biu ko Panyam ya ga tsaunuka masu kama da tulin dawa, waɗansu da rami a kai. Tafkin Tila na kusa da Biu bakin tsohon dutse ne da ruwa ya cika. Dutsen Wase kuwa narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani, iska da ruwa suka cinye gefensa, shi ya tsaya.

Ba mai iya hana dutse amai. Amma sau da yawa yakan ba da alama tukuna, akwai kuma masana waɗanda aikinsu ke nan, su lura da alamun. Alama ta fari girgiza ce. In narkakken dutse yana kutsawa sama, yakan farfasa duwatsu, ƙasa ta yi 'yar rawa. Masana suna binne na'ura wadda take rubuta ko da girgizar da mutum ba ya ji. Ta biyu kumburi ne. Dutsen yakan kumbura kamar maruru kafin ya fashe, su kuwa suna auna shi da na'ura, har da tauraron ɗan Adam. Ta uku hayaƙi ne. In iskar farar wuta ta ƙaru, sun san wutar ta matso. Suna kuma haƙa tsohuwar toka, su ga inda aman dā ya bi, su zana taswira.

Ga labarin wurare biyu. A ƙasar Kolombiya, masana sun zana taswira sun nuna garin Armero yana cikin haɗari. Ba a kwashe mutane ba. Ran 13 ga Nuwamba, 1985, da dare, dutsen Ruiz ya yi amai, zafi ya narkar da ƙanƙarar da ke kansa, taɓo ya biyo kwari ya binne garin. Mutum fiye da 20,000 suka rasu. Taɓon ya yi fiye da sa'a biyu kafin ya iso, tudu kuwa yana nan kusa.

A ƙasar Filifin, a 1991, dutsen Pinatubo ya fara girgiza bayan shiru na shekaru ɗaruruwa. Masana suka kafa na'urori, suka yi gargaɗi, hukuma ta kwashe dubun dubatar mutane. Ran 15 ga Yuni dutsen ya fashe. Amansa ya fi na Ruiz nesa ba kusa ba. Ɗaruruwa sun rasu, amma an tsirar da dubbai.

Kun ga bambanci. A wuri na fari an yi gargaɗi ba a tashi ba, a na biyu an yi an tashi. Gaskiyar masu iya magana, rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke fitar da narkakken dutse waje?
2. Wane irin amai ne ya fi haɗari, don me?
3. Faɗi alamu uku da masana suke dubawa.
4. Me ya sa mutanen Armero suka halaka?