Wat 1000 a jikin kwali: me lambar lasifikar motarka take nufi?

Idan ka shiga shagon kayan sauti za ka ga lasifika an rubuta mata wat 1000 da manyan haruffa, amfilifaya kuma wat 3000. Yawanci wannan lambar ƙololuwa ce, wato ƙarfin da na'urar za ta iya taɓawa na ƙiftawar ido kawai. Wani lokacin PMPO za ka gani, shi kuwa ba shi da wata ƙa'ida guda ta awo, kowane kamfani da lissafinsa. Lambar da ta shafe ka ita ce mai RMS, wadda akan ɓoye a bayan kwali. Ita ke faɗa maka ƙarfin da lasifika za ta jure tana aiki ba hutawa, ba tare da siririyar wayar da aka naɗe a cikinta ta ƙone ba.

Amfilifaya kuma akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙaryarsa: duba fiyus ɗin da ke jikinsa. Idan injin mota na aiki, wutar kan kai kusan bolt 14.4. Fiyus mai amfiya 30 sau 14.4 ya ba da wat 432, kuma wani kaso na wannan zafi yake zama, ba sauti ba. To ta ina wat 3000 zai fito? Shi ya sa a Amurka aka fito da ma'aunin CEA-2006, wanda ke auna amfilifaya a bolt 14.4, da lasifika mai om 4, da gurɓatar sauti da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Om ɗin nan shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali shi ne ke kashe kaya. Ma'auni ne na yadda lasifika ke tare wuta. Idan om ya yi ƙasa, wutar da za ta ja daga amfilifaya sai ta ƙaru. Yawancin lasifikun mota om 4 ne.

Yanzu mu zo kan abin da masu wayarin ke kira birij, wato haɗin gada. A nan ana haɗa tashoshi biyu na amfilifaya su tura lasifika ɗaya, galibi babbar wufa da ke but. Ɗaya na turawa, ɗayar na ja a lokaci guda, kamar mutum biyu a kan zarto ɗaya. Sai bolt ɗin da ke isa lasifikar ya ninka biyu.

Ga lissafin. Wat shi ne bolt sau bolt, a raba da om. A ce kowace tasha tana fitar da bolt 20: 20 sau 20 ya zama 400, a raba da 4, wat 100 ke nan. Da an yi gada bolt ya koma 40, sai ka samu 1600 a raba da 4, wat 400. Ninki huɗu a takarda. A zahiri da wuya ka samu haka, domin amfilifaya da yawa kan gaza samar da wutar, sai a tsaya wajen ninki biyu zuwa uku.

Amma ba kyauta ba ne. Da farko kowace tasha amfiya 5 take bayarwa, yanzu 10 take bayarwa a kan bolt ɗinta 20 ɗin nan. Ma'ana, lasifikar om 4 ta zame mata kamar om 2. Idan takardar amfilifayarka ta ce kowace tasha tana jure om 2, to a gada kada ka sauka ƙasa da om 4.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Mutum ya sayi wufa biyu masu om 4, a haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, sai su zama om 2. A ɗora su a gada, kowace tasha na ganin om 1, tana bayar da amfiya 20. Ka haɗa da zafin but a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. In ka yi sa'a amfilifayar za ta kashe kanta ta kunna fitilar kariya. In ba ka yi ba, ƙaurin ƙuna za ka ji. Idan aka jera wufofin a layi ɗaya, ƙarshen wannan a farkon waccan, za su zama om 8, amfilifaya ta huta, sai dai wat 200 za su raba tsakaninsu.

Rediyon motar kansa kuwa kada ka bari a yi masa gada. Yawancinsu an riga an yi musu ita a ciki, da haka suke samun wat 20 ko ƙasa da haka a kowace tasha, ko da an rubuta 50 sau 4 a fuska. Saboda haka duk wayoyin lasifika biyun suna ɗauke da wuta, kuma idan mai wayarin ya ɗaure ɗaya a jikin ƙarfen mota don tsimin waya, zai iya ƙona maka rediyon.